Pak Seng da 'Yan Bayan Motarsa

Sunansa na yanka Husaini, amma magatakardan da ya rubuta takardar haihuwarsa Useng ya ji, Useng ya rubuta. Mutanen Paya Serai suka ƙara gutsure sunan ya koma Seng, da furfura ta fara leƙo masa a gemu kuma yara suka ɗora masa Pak, wato Baba, a gaba.

Ubansa mai tatsar itacen roba ne a gonar wani. Seng bai yi nisa a karatu ba, na boko ko na addini. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya tsallaka kogin iyaka zuwa Malesiya, ya yi shekara uku yana wanke kwanuka a gidan abinci kafin a matso da shi gaban murhu. Da ya dawo gida, bayan shekara goma sha biyu, ya zo da tabon mai a hannuwansa da abin da ya isa sayen tsohuwar a-kori-kura. Masu walda suka yi mata rumfa da benci biyu a baya. Ya auri Rokiyoh mai sayar da shinkafar safe, ya fara jigilar 'yan makaranta daga ƙauyen zuwa firamaren da ke bakin babban titi. Allah ya ba su 'ya'ya mata biyu, suka girma suka yi aure, shi kuwa yana nan yana ɗaukar 'ya'yan waɗanda ya taɓa ɗauka.

Mutum ne mai surutu da tsokana. Kowane yaro da laƙabin da ya sa masa, kuma dokarsa ɗaya ce tak, duk wanda ya fito da hannu waje mota na tafiya, ranar zai zauna a gaba kusa da shi ya sha labarin Malesiya har makaranta. Yara sun fi tsoron wannan da bulala.

Rikicin yankinsu ya kai shekara shida a lokacin. An saba da shingen sojoji, an saba da jin an harbi wane a gari kaza. A makaranta har an koya wa yara kwanciya rub da ciki idan sun ji harbi. Amma Paya Serai dai labari take ji, har zuwa wata Talata a farkon damina.

Ranar yara goma sha ɗaya ne a bayan motar. Da suka wuce mararraba, Yako mataimakin mai gari ya zo ya wuce su a kan babur, 'yarsa Nadiroh mai shekara takwas tana bayansa. Kullum shi yake kai ta da kansa. Yarinyar ta ɗaga wa 'yan motar hannu, suka yi mata ihu. Pak Seng ya duba madubi ya ga wani babur ɗin a bayansa, mutum biyu ne, sun rufe fuska da hular kwano, suna sanye da rigar ruwa alhali ko yayyafi ba a yi. Tun daga mararraba ya lura da su. Suka zo suka wuce shi.

Daf da kwalbatin da ke tsakiyar gonakin roba, takalmin Nadiroh ƙafa ɗaya ya sulluɓe ya faɗi a kan titi. Uban ya taka birki, ya sauke ƙafa, ya juyo yana mata dariya. A nan suka cim masa.

Harbi uku Pak Seng ya ji. Kafin ya gama tsayar da mota babur ɗin ya ɓace a kwana. Ya fito da gudu, ya tarar Yako ya riga ya cika, yarinyar tana zaune a kan kwalta kusa da shi, jini a farin mayafinta, idonta a buɗe, ba ta kuka. Ya sungume ta ya sa a kujerar gaba. Da ya leƙa baya ya ga yaran duk sun kwanta a ƙasa kamar yadda aka koya musu, sai dai labulen rumfar a ɗage yake, kuma babu wanda bai gani ba.

Aka binne Yako kafin la'asar. Jami'an tsaro suka zo suka yi tambayoyi, Pak Seng ya ce mutum biyu ne a kan babur, fuskokinsu a rufe. Ba a taɓa sanin ko su wane ne ba. A ƙauyen kuma babu mai son ya sani da baki, domin ba ka san wanda ke zaune kusa da kai a teburin mai shayi ba. Aka yi addu'ar bakwai, kowa ya kama bakinsa.

Mako na gaba yara huɗu kawai suka fito. Sannu a hankali sauran suka dawo, amma motar ta zama kamar ta ɗaukar gawa, babu waƙa, babu faɗa a kan wurin zama. Pak Seng ya daina bin hanyar kwalbati. Sai ya riƙa zagayawa ta cikin gonaki, ƙarin tafiyar kusan rabin awa. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ramuka sun yi wa titin yawa.

"Abe, ramuka ne suka hana ka cin abinci kuma?" in ji Rokiyoh wata rana da ta ga ya ture kwano. Abe matan ƙauyen ke kiran mazajensu. "Kwana goma ke nan ina zuba wa kaji rabonka. Har sun fara raina dusa."

"Cikina ne ba daɗi."

"To Allah ya sawwaƙe wa cikin."

Amma ta ga yadda yake zabura idan kwakwa ta faɗo a kan kwanon rufi.

Nadiroh kuwa tun ranar ba ta sake magana ba. Tana ci idan an ba ta, tana bin uwarta Bidoh duk inda ta sa ƙafa, har bakin banɗaki. Ta ƙi makaranta, ta ƙi sa takalmi ko wane iri. An kai ta wurin malami ya yi mata tofi, an yi sadaka, shiru.

Bayan wata ɗaya da rabi wasu mata biyu suka zo daga garin Narathiwat. Ɗaya Kholiyoh ce, 'yar Malayu kamar su, daga wata ƙungiyar matan da rikicin ya kashe wa maza. Ɗayar nas ce mai suna Wanpen, mai bin addinin Buda, wadda ta yi karatun lafiyar ƙwaƙwalwar yara, amma ba ta jin Malayu sai gaisuwa. Suka kira taron iyaye a farfajiyar masallaci. Tsofaffi uku suka zo, ɗayarsu ma ta ɗauka rabon maganin hawan jini ake yi.

A shagon shayi aka yi ta yi da su. Hama mai shagon, yana jujjuya waina a kan tanda, ya ce, "Wai da fensir mai kala za su warkar da yara. Mu da aka haifa ba fensir, ga mu nan da ranmu."

"Ba wannan ba ma," in ji wani. "Yaro ya je ya faɗi abin da ya gani, a rubuta a takarda, takardar ta je ina? Ka san hannun da za ta faɗa?"

Pak Seng yana zaune yana jin su. Shi ma ra'ayinsa ke nan.

Washegari da hantsi yana wanke mota a gindin kwakwa Kholiyoh ta yi sallama. Mace ce gajera, ta haura arba'in, tana riƙe da jakar leda, kowa Kak yake ce mata, wato Yaya.

"Pak Seng, an ce duk ƙauyen nan babu gidan da ba a buɗe maka ƙofa."

"Ƙarya suke, Kak. Gidan surukata har yau sai na yi sallama uku."

Ta yi murmushi, ta zauna a kan kututture ba tare da an ce ta zauna ba. Ta ce suna da gida a bayan asibitin gunduma inda yara ke zuwa ranar Asabar. Tana so ya riƙa kawo 'yan motarsa.

"Yaran nan sun fara mantawa," in ji shi. "Me za a je a tono musu?"

"Sun manta ne, ko sun ga manya ba sa so a yi maganar?"

Ya ci gaba da goge gilashi.

"Mijina a ƙofar gida aka harbe shi," in ji ta. "Ɗana Sofwan yana riƙe da hannunsa, shekararsa tara. Kowa ya ce min yaro ne, zai manta, kada a tuna masa. Na bi maganarsu. Yanzu shekararsa goma sha biyar, ya bar makaranta, ba ya iya zama a ɗaki idan an rufe ƙofa, kuma rabon da ya kalli idona na manta. Ban zo in ce maka muna da magani ba. Na zo ne don kada a yi wa waɗannan shirun da na yi wa nawa."

Ya ce Allah ya ji ƙan mamacin, ya ce zai yi tunani. A ransa kuwa ya riga ya ƙi.

Kwana uku bayan haka, yana dawo da yara daga makaranta, tayar wata babbar mota ta fashe a gabansu. Ya tsaya ya zagaya baya. Dukansu suna ƙasa. Ƙaramarsu, Hasanah 'yar aji ɗaya, ta jiƙe siket ɗinta, fitsarin yana bin ƙasan motar har ƙarƙashin gwiwoyin sauran. Ya tsaya yana jiran dariya, domin ya san yaransa, da a da ne sai sun yi wata guda suna mata waƙa. Babu wanda ya yi ko murmushi. Wata babba a cikinsu ta cire mayafinta ta rufa mata, suka koma kan benci suka zauna suna kallon ƙasa kamar tsofaffi a gidan makoki.

Da yamma ya fara bin gidaje. Bai iya dogon bayani ba. Abin da yake cewa kawai, "Ni zan kai su, ni zan dawo da su, kuma ina zaune a wurin." Iyaye suka kafa sharaɗi, ba za a rubuta sunan yaro ba, ba za a ɗauki hoto ba, ba za a tambayi kowa wa ya gani ba. Ya kai wa Kholiyoh, ta ce sun yarda. Asabar ta farko yara bakwai ya kai.

Gidan katako ne mai ɗaki biyu, an shimfiɗa tabarmi, ga takardu da fensira da yumɓu da 'yan motocin roba a cikin kwando. Pak Seng ya zauna a kan matakala yana jiran a fara tambayoyi don ya kwashe yaransa ya tafi. Ba a yi ko ɗaya ba. Wasa aka yi, aka ci ayaba soyayya. Wanpen ta koya musu jan numfashi, Kholiyoh tana fassara: a shaƙi ƙamshin shinkafa a hankali, a hura miya ta huce a hankali. Da za a tashi aka faɗa musu abin da za a yi mako mai zuwa, kuma da makon ya zo abin da aka faɗa ɗin aka yi.

A Asabar ta uku ya ga yara maza biyu sun jera mota da babura biyu a kan tabarma. Ɗaya ya tura babur ya wuce mota, ya ce "tau, tau, tau," ɗayan ya kwantar da ɗan mutum-mutumi. Suka sake jerawa, suka sake yi. Pak Seng ya miƙe zai tsawatar, Kholiyoh ta tare shi da hannu.

"Bar su. Abin da ke cikin kansu ne kullum. Gara ya fito kan tabarma, muna kusa."

Ta je ta zauna gefensu, ba ta hana ba, ba ta zuga ba. Can ta ce, "To bayan nan sai me ya faru? Wa ya zo?" Yaron ya ɗauki motar ya matso da ita. "Pak Seng ya zo ya ɗauki Nadiroh." Daga ranar wasan ya fara tsawo, ana kai yarinya gida, ana kai yara wurin iyayensu.

Yaran suka jawo Pak Seng ciki da ƙarfin tsiya, suka ba shi yumɓu. Ya gina ɓauna, Hasanah ta duba ta ce, "Pak Seng, kyanwarka ba ta da lafiya." Wannan ce dariyar farko da ya ji daga bakinsu tun ranar Talatar.

Nadiroh ce ta rage. Ya je gidan sau uku kafin Bidoh ta yarda, ita ma da sharaɗin za ta bi su da zarar ta fita takaba. Yarinyar ta zo ba takalmi, ta zauna a lungu jikin uwarta. Mako biyu ba ta taɓa komai ba. A na uku ta ɗauki baƙin fensir ta yi zane, ta kife takardar. Haka a na huɗu, haka a na biyar.

Ranar nan bayan an tashi, yara suna cin abinci a waje, Wanpen ta kira shi ɗaki na biyu. Ta shimfiɗa takardu uku a gabansa. Babu mutum a ciki, babu babur, babu jini. Takalmi ne ƙafa ɗaya, irin na 'yan makaranta mai maɗauri.

"Tana tambaya ko ka san wani abu game da takalmi," in ji Kholiyoh. "Uwar ba ta sani ba. Wanpen ta ce yara sukan ɗauka su ne suka jawo abin da ya faru, ko da babu hannunsu ko kaɗan."

Pak Seng ya daɗe yana kallon takardun. Sannan ya ba su labarin yadda takalmin ya faɗi, da yadda Yako ya tsaya. Ya yi niyyar tsayawa nan, sai ya ji bakinsa ya ci gaba. Ya faɗi abin da bai faɗa wa jami'ai ba, bai faɗa wa matarsa ba, cewa tun daga mararraba ya ga mutanen a madubi, kuma zuciyarsa ta ba shi.

"Hannuna yana kan hon," in ji shi. "Da na danna, da ya waiwaya. Ban danna ba."

Kholiyoh ta fassara. Wanpen ta yi tambaya: tsakanin ganinsu da harbin, lokaci nawa ne? Ya ce bai fi a karanta Fatiha ba. Ta ce yara nawa ne a bayansa? Ya ce goma sha ɗaya.

"Na yi wannan lissafin, Kak, ki gaya mata. Kullum sai na yi shi. Wata rana ya fito daidai, wata rana ya ƙi."

"Ta ce ba za ta ce maka ka daina ba," in ji Kholiyoh. "Ta ce ranar Laraba manya suna zama a nan, ka zo."

"Ni da gemuna in zo in gina kyanwa?"

"Shayi ake sha. Amma wannan daban. Abin da take roƙo yanzu, kai kaɗai ka ga abin da yarinyar ba ta gani ba. Idan uwarta ta yarda, za ka iya gaya mata?"

Bidoh ta yi kuka da ta ji, domin sama da wata biyar tana kwana da yarinyar a tabarma ɗaya ba ta san abin da take ɗauke da shi ba. Ta ce a gaya mata.

Asabar ta gaba ya ajiye motar a inuwar mangwaro a bayan gidan. Nadiroh ta zauna a kujerar gaba, uwarta tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da hannunta, Kholiyoh tana nesa kaɗan. Wanpen ta riga ta faɗa masa ta bakin Kholiyoh kada ya yi ado, kada ya yi ƙarya, kada kuma ya jira amsa.

"Nadiroh, ina so in gaya miki wani abu da na gani ranar nan," in ji shi. "In ba ki son ji, ki matse hannun Innarki, sai in yi shiru."

Ba ta matse ba.

"Kin ga madubin nan? A cikinsa na ga mutanen, tun daga mararraba, tun kafin ku wuce mu. Babanki suke bi. Sun fito daga gidajensu da niyyarsu tun ke ba ki gama karin kumallo ba. Da takalminki ya faɗi, da bai faɗi ba, suna bayansa. Da bai tsaya a kwalbati ba, da a gaba za su same shi. Ke kina kallon gaba, ba ki gan su ba. Ni na gan su. Takalmi kuwa kowane yaro nasa yana faɗuwa, na tsinci sun fi ɗari a motar nan."

Yarinyar ta kalli madubin, ta daɗe. Ba ta ce komai ba. Suka koma gida.

Kwana tara bayan haka Bidoh ta zo wurin Rokiyoh sayen shinkafa, ta ce jiya yarinyar ta ce mata ruwan wanka ya yi sanyi. Kalma biyar, amma Bidoh ta maimaita su ya fi sau goma a gaban tukunya.

Shi kuwa sai da aka ƙara mako biyu kafin Nadiroh ta yi masa magana. Suna dawowa daga gidan Asabar, tana gaba kusa da shi, ba tare da ta juyo ba ta ce, "Pak Seng, da ka gan su, me ya sa ba ka yi hon ba?"

Ya rage gudu. Amsoshi da yawa suka zo masa, masu kyau, waɗanda za su fitar da shi.

"Tsoro na ji," in ji shi.

Suka wuce gonaki biyu.

"Ni ma," in ji ta. "Ban iya tashi ba."

Larabar da ta biyo baya ya je. Ya tarar da mata tara da tsoho ɗaya, aka ba shi shayi, ya zauna kusa da ƙofa. Wata biyu yana zuwa yana ba su dariya da labarin Malesiya kafin ya ba da nasa. Kafin nan sai da ya gaya wa Rokiyoh, a kicin, tana yanka ganye. Ta ajiye wuƙar ta saurare shi har ƙarshe.

"Wata takwas kana ɗauke da wannan, Abe, ina gefenka?"

"Kunya na ji."

"Ni da na san ka tun ba ka da wando biyu."

Sai da shekara ta zagayo yaran suka yarda a bi ta kwalbati. Su suka zaɓi ranar, kuma aka ce duk wanda bai shirya ba babu dole. Biyu suka ce ba za su ba, aka bar su. Ya tuƙa a hankali, Kholiyoh tana baya tare da su, suka wuce, babu wanda ya yi magana sai da suka hau babban titi.

Ba duka suka warware ba. Ɗaya daga cikin yaran nan masu wasan babur ya riƙa dukan ƙannensa har iyayen suka tura shi wurin dangi a Kelantan ta Malesiya, labarinsa ya yanke. Wata kuma ba ta sake shiga motar ba har ta gama firamare. Nadiroh ta koma makaranta bayan ta rasa shekara guda, ta gama sakandare, yanzu tana aiki a shagon sayar da waya a birnin Hat Yai. Mai ƙarancin magana ce har yau.

Pak Seng bai taɓa zama ma'aikacin ƙungiyar ba, ba shi da kati, ba shi da albashi sai kuɗin mai. Amma shekara goma sha ɗaya, duk lokacin da wani abu ya faru a gundumar a gaban yara, Kholiyoh sai ta kira shi. Shi ke fara shiga, ya zauna da mazan gidan, ya sha shayinsu, ya yi zancen farashin roba, sai a rana ta biyu ko ta uku ya ce akwai wasu mata da yake so a bari su gaisa da yaran. Ya shiga gidajen Musulmi, ya shiga na 'yan Buda, inda Wanpen ke yin gaba shi yana biye. Abin da ya koya bai fi a ƙirga da yatsu ba, kuma yakan faɗa wa iyaye shi yadda ya iya: kada a ce wa yaro ya manta, kada a ce masa babansa ya yi tafiya, kada a matsa masa ya yi magana, in ya tambaya a ba shi gaskiya daidai ƙarfinsa, a riƙa cin abinci da kwanciya a kan lokaci.

Akwai masu cewa ɗan leƙen asiri ne, wasu su ce na gwamnati, wasu su ce na 'yan tawaye. Wata safiya ya tarar an farke masa tayoyi biyu. Ya zauna da Rokiyoh ya ce in ta ce ya bari zai bari. A rana ta uku ta ce ya je, amma ya riƙa gaya mata ƙauyen da za shi, kuma ya dawo kafin magariba.

Ciwon suga ne ya sauke shi daga mota. Idonsa ya yi hazo har ya daina gane allon hanya, ya miƙa makulli ga mijin 'yarsa. Ya yi wata guda a gida yana faɗa da kowa. Sai Rokiyoh, da shekararta hamsin da takwas, ta sa jikarta ta koya mata babur a filin makaranta. Yanzu duk Asabar ita ke kai shi gidan bayan asibiti, yana bayanta riƙe da sanda, yana mita tun daga ƙofar gida.

"Kin shiga rami."

"Kai da ba ka gani, ina ka san rami?"

"Ƙashin bayana yana gani."

Asabar ɗin da ta wuce, da ta sauke shi, ya ji Kholiyoh tana magana ƙasa-ƙasa da wata a bakin ƙofar shinge. Matar daga wani ƙauye ta zo can gefen dutse, da yarinya a hannu, ta kai minti ashirin a tsaye ta ƙi shiga. Ya lallaɓa da sandarsa har inda suke, ya yi sallama, ya tambayi sunan ƙauyen. Da ta faɗa sai ya ce ya san shi, ya taɓa maƙalewa a taɓon hanyarsu har sai da aka kawo ɓauna. Ya tambaya ko an gyara hanyar. Ta ce ba a gyara ba.

"To kun sha tafiya," in ji shi. "Ba sai kun shiga ɗaki ba. Ga benci nan a inuwa, ni ma nan nake zama. Ku huta, a kawo muku ruwa."

Matar ta dubi Kholiyoh, ta dubi yarinyar, sannan ta bi shi zuwa bencin.